Wasiƙa ga ɗana kafin ya kama hanyar gaɓar teku

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso kuma na karanta wa mahaifiyarka. Ita da ta ji cewa kai kaɗai za ka tafi, ba ta ƙara jin sauran bayanin ba. Ni ban hana ka ba. Ka ce har yanzu ba ka tsayar da shawara ba tsakanin gaɓar Afirka ta Kudu da ta Kalifoniya a Amurka. Ko wacce ka ɗauka, abin da zan faɗa maka ɗaya ne.

Tafiya kai kaɗai tana da riba wajen kallon dabbobi, domin babu mai ce maka "tashi mu tafi". Yawancin mutane sukan faka mota, su leƙa teku na minti biyu, su ce babu komai, su wuce. Alhali kifin wel, ƙaton dabbar tekun nan mai ɗagowa sama don shaƙar iska, yakan nutse ya daɗe bai ɗago ba. Kai ka samu wuri mai tudu ka zauna, musamman da safe kafin iska ta tashi ta birkita fuskar ruwan. Kada ka fara da madubin hangen nesa. Ka bar idonka ya yi ta yawo a kan ruwan har ka ga wani farin tururi ya yi sama ya watse. Numfashinsa ke nan. Sannan ka ɗaga madubin ka tsaya a daidai wurin. A garin Hermanus na Afirka ta Kudu, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba, irin da ke zuwa haihuwa yakan matso kusa da duwatsun gaɓa har mai tafiya a ƙasa ya gan shi, kuma tururinsa yakan rabu gida biyu yana tashi, da haka ake gane shi. A Kalifoniya kuwa akwai wani iri mai launin toka da ke gangarowa kudu wajen Disamba da Janairu, ya komo arewa bayan 'yan watanni. In ka ga tsuntsaye sun taru suna faɗawa ruwa a wuri guda, to akwai garken ƙananan kifaye a ƙasa, kuma sau da yawa dolfin, ƙaramin ɗan uwan wel, ba ya nisa da wurin.

To amma ga inda hankalina bai kwanta ba. Mutum biyu in suna kallo, ɗaya yana kallon dabba, ɗaya yana kallon teku. Kai ba ka da na biyun. Idonka na cikin madubi, ba ka san abin da ruwa ke yi a gefenka ba. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wato yashin da ka bi jiya da ƙarfe tara ba lallai ka same shi a bushe yau da ƙarfe tara ba. Cikar ta fi ƙarfi lokacin da wata ya ɓace da lokacin da ya cika. Akwai jadawalin wannan ga kowace gaɓa. Ka sauke shi a wayarka, ka duba kafin ka sauka ƙasa, ba bayan ka sauka ba. In ka zagaya wani dutse lokacin da ruwa ya janye, ka tambayi kanka ta ina za ka dawo in ya kawo. Dutsen da ka gani a jiƙe kuwa, ko da teku ta yi lamo, igiya ce ta jiƙa shi, kuma za ta sake zuwa.

Sai maganar tazara. A Afirka ta Kudu doka ta hana kusantar kifin wel ƙasa da mita 300 ba tare da izini ba. A Amurka tun 1972 akwai dokar da ta haramta takura wa dabbobin teku masu shayarwa, kuma hukuma na cewa a bar wa sil, wato dabbar teku mai fitowa hutawa a bakin gaɓa, aƙalla kimanin mita 45. Ka kiyaye waɗannan, amma ba za ka yi yawo da abin awo ba, don haka ka bar dabbar ta auna maka. Tana kwance tana barci, sai ta ɗaga kai ta kafe ka da ido. Tsuntsu na kiwo, sai ya daina ya miƙe wuya. Da zarar ta bar abin da take yi saboda kai, ka riga ka shige gona da iri. Ja baya a hankali har ta mayar da kanta ƙasa. A Piedras Blancas da ke gaɓar Kalifoniya za ka ga manyan sil masu hanci kamar na giwa a baje kan yashi, namijin yakan kai tan biyu. In ka gan shi kwance sai ka ɗauka ba zai iya motsi ba, amma a kan yashi yana da saurin da ba ka zata. An yi wa masu kallo shinge a wurin. Ka tsaya bayansa.

Na san zuciyarka, tun kana yaro ba ka iya wuce abu mai rauni. In ka tarar da ɗan sil shi kaɗai yana kuka, sau da yawa uwar ta shiga ruwa neman abinci ne, kuma tsayuwarka a kansa ita ce za ta hana ta dawowa. Ka kira ma'aikatan kula da dabbobi, ka bar musu. Kada ka taɓa, mai rai ko matacce. A 2024 an tabbatar da ciwon haukan kare a jikin sil na gaɓar Afirka ta Kudu, ga kuma murar tsuntsaye da ta kashe tsuntsayen teku da sil masu yawa a 'yan shekarun nan. In wani abu ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ka nufi asibiti a ranar.

Ciyarwa ma ka bar ta. Bika na yankin Cape Town sun san murfin mota, sun iya buɗe shi, kuma mutane ne suka koya musu cewa a cikin mota akwai abinci. Ƙarshen wanda ya saba da ƙwace yakan zama a kashe shi. In ka gan su a bakin titi, ɗaga gilashi, kulle ƙofofi, ka kalle su daga ciki.

Tuƙi da kallo ba sa haɗuwa, balle a hanya mai kwana-kwana a saman dutse. In ka hango abu, ka ci gaba har ka samu wurin fakawa na sosai. In ya tafi kafin ka tsaya, ya tafi. Da asuba da kuma almuru dabbobi suka fi tsallaka titi, lokacin ne kuma gani ya fi wuya. Rage gudu, in barewa ta fito ka taka birki ka riƙe sitiyari a miƙe, ka kuma sa ran akwai wata a bayanta. A Boulders kusa da Cape Town, inda fengwin, tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, suka zauna tun 1982, sukan fake a ƙarƙashin motoci, don haka ka durƙusa ka leƙa kafin ka tayar. Wannan irin fengwin yana dab da ƙarewa a duniya.

Akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa na dogon zango, saboda haka ka ajiye taswira a wayar tun kana gari, tankinka kuma kada ya sauka ƙasa da rabi. Kowace safiya ka turo mana inda za ka tsaya da inda za ka kwana, da lokacin da za mu fara nemanka in ba mu ji ka ba. Mahaifiyarka ta ce wannan sharaɗinta ne, ba shawara ba, kuma ka sa rigar sanyi a jaka domin iskar bakin teku ba ta da alƙawari.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
Baba