Dakatar da Ɗan Majalisar Jiha: Me Ya Sa Ba a Jin Hukuncin Kotu?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta kama jiki a majalisun dokokin jihohinmu, wato dakatar da duk ɗan majalisar da ya saɓa wa shugabanni. Ana yin haka kamar babu hukunci a ƙasa, alhali kuwa akwai, kuma daga nan Arewa ya fito.

A 2011 al'ummar Bogoro suka zaɓi Honarabul Rifkatu Samson Danna ta wakilce su a Majalisar Dokokin Bauchi mai kujeru 31, ita kaɗai ce mace a zauren. A watan Yunin 2012 aka dakatar da ita sai abin da hali ya yi, saboda ta ƙi amincewa da ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Balewa zuwa Bununu. Ko mutum na tare da ita a kan batun hedikwatar ko ba ya tare da ita, wannan daban ne. Faɗin ra'ayi a zaure shi ne aikin da aka aike ta. Babbar Kotun Bauchi ta soke dakatarwar a 2013. Maimakon majalisa ta buɗe mata ƙofa, sai ta garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara, can ma ba ta yi nasara ba. Abin da kotun ta tsayar shi ne: ɗan majalisa ba ma'aikacin majalisa ba ne, babu ubangida babu yaro a tsakaninsu, jama'ar mazaɓa ne suka ba shi kujera, kuma hana shi zama tauye haƙƙinsu ne na samun wakilci. Hatta albashinsa, sashe na 111 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ƙayyade shi a kan hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, don haka kakaki ba shi da hurumin riƙe shi.

Amma an daina? A Maris na 2020 majalisar Kano ta dakatar da mambobi biyar na wata shida bayan hatsaniyar da aka yi kan binciken Sarki Muhammadu Sanusi II, sai da Babbar Kotun Tarayya a Kano ta rushe matakin. A Fabrairun 2024 majalisar Zamfara mai kujeru 24 ta dakatar da takwas, kashi ɗaya cikin uku ke nan na zauren, a jihar da ta fi kowace buƙatar a ji kukan ƙauyukanta.

Tsarin mulki bai bar wannan lamari a duhu ba. Sashe na 109 ya jera abin da ke raba mutum da kujerarsa, daga ciki akwai: ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya koma wata ba tare da ta dare ko ta haɗe da wata ba, ya karɓi muƙamin kwamishina ko mai ba da shawara, ko ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara babu uzuri. Tunda sashe na 104 ya wajabta zama na aƙalla kwana 181, fashin da ya haura kwana 60 ke nan. Sai kiranye a sashe na 110, wanda ke hannun masu zaɓe: fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar su sa hannu, INEC ta tantance, a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya, shi ya sa yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018 ya mutu tun a matakin tantancewa. Da gangan aka tsaurara ta. To ta yaya abin da aka hana dubban masu zaɓe yi cikin sauƙi zai zama halal ga mutum ashirin a zama ɗaya?

Gaskiya ne sashe na 101 ya bai wa majalisa ikon tsara dokokin zamanta, kuma wanda ya ɗauke sandar majalisa ko ya kai duka ya cancanci ladabtarwa. Sai dai ladabtarwa tana da ƙa'ida: a rubuta masa laifinsa, a miƙa wa kwamitin ɗa'a, a saurare shi kamar yadda sashe na 36 ya tanada, a yanke wa'adi gajere kuma sananne.

Abin da ke ba shugabannin majalisa ƙarfin gwiwa shi ne lokaci. Wa'adi shekara huɗu ne, shari'a kuwa daga babbar kotu zuwa ta ɗaukaka ƙara tana iya cinye rabinsa. Saboda haka wanda aka dakatar kada ya zauna jiran sulhun dattawan jam'iyya. Ya nemi kwafin bayanan zaman ranar mai ɗauke da hatimin akawun majalisa, ya shigar da ƙara kafin wata uku su cika, don kada majalisa ta fake da dokar kare jami'an gwamnati ta ce lokaci ya wuce, kuma lauyansa ya gabatar da ita a matsayin neman fassarar doka ta takardun rantsuwa, ba mai buƙatar jerin shaidu ba, tare da neman a gaggauta sauraro. Idan ya yi nasara, ya sani cewa ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da hukunci sai kotu ta ba da umarni na musamman. Masu rajista a mazaɓar ma su shiga ƙarar, domin haƙƙinsu ne aka taɓa.

Kirana ga kakakin majalisun jihohin Arewa 19 shi ne kowannensu ya sa a rubuta iyakar kwanakin dakatarwa a dokokin zaurensa, kada ta wuce kwana 14 na zama kamar yadda dokokin Majalisar Dattawa suka tanada, a kuma haramta taɓa albashi da rufe ofishin mazaɓa. Jaridarka kuma, don Allah, ta riƙa buga sunayen mazaɓun da ba su da wakili a zaure da adadin watannin da suka yi a haka.

Wassalam,
Wani mai bibiyar harkokin majalisu