Wasiƙa zuwa Maraɗi a kan madobiyar Taraba

Jalingo, Jihar Taraba.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Maraɗi. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi mini game da dazukanmu, wai ko har yanzu suna nan kamar yadda ka bar su lokacin da muka yi tafiya tare daga Bali zuwa Serti. Na jinkirta amsa ne saboda ban so in ba ka labarin ji, sai da na sake bin hanyar da kaina a ƙarshen rani.

Za ka tuna madobiya, itacen nan da ke zubar da ganye ya cika da fure rawaya a tsakiyar hunturu, sannan ya yi sabon toho tun ciyawa ba ta fito ba, wanda makiyaya ke hawa su sassaro wa shanu reshensa idan kiwo ya yi wuya. A wurin da muka taɓa hutawa muka ci guzuri, kututture na tarar a jere, kowanne da jan ƙaro ya bushe a kansa kamar jini. Wani dattijo makiyayi da na samu a can ya nuna mini su da sandarsa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda mahaifinsa ya saba hawa da wanda shi ya koyi hawa a kansa. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce yanzu shanunsa kan yi tafiyar yini kafin su sami abin da a da suke samu a bakin ruga.

Masu sayen itacen ba sa ce masa madobiya, Madrid suke kiransa, kuma da wannan suna ya shiga bakin yara da manya. Ana sare shi da inji, a feƙe gungumen ya zama mai kusurwa huɗu, a tara a wurare irin su Garba Chede, tireloli su kwasa zuwa Legas, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Sin, inda ake ƙera kujeru da gadaje masu tsada da jar zuciyarsa. Cinikin ya fara cinye madobiyar wasu ƙasashen Afirka ta Yamma kafin ya iso mu, kuma tsakanin 2014 da 2017 Najeriya tana sahun gaba wajen fitar da shi. A 2016, a taron Johannesburg, yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai da ake tsoron ƙarewarsu ta sa madobiya a rukuni na biyu, wato ba a fitar da ita sai da izini da shaidar cewa fitarwar ba za ta kashe irinta ba. A 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya baki ɗaya. Matakin ya yi kyau, amma ga yawancin dazukan da mota ke iya shiga ihu ne bayan hari. Da madobiya ta yi ƙaranci sai inji ya juya kan kawo da maɗaci, waɗanda su ma aka sa su a rukunin nan a 2022, masu gawayi kuma suna biye suna kwashe kirya.

Abin da ya fi damuna, aminina, shi ne yadda muke raba wannan ɓarna da maganar sauyin yanayi, kamar ba abu ɗaya ba ne. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 ƙasashe fiye da 140 sun yi alkawarin tsayar da ƙarewar dazuka kafin 2030, a can ne Najeriya ta ce za ta daidaita iskar mai ɗumama duniya da take fitarwa da wadda take shanyewa kafin 2060, kuma a shekarar aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Amma idan aka zo aiki, abin da ido ya fi gani shi ne bikin dashe: a kafa rumfa, babban baƙo ya sa ɗan tsiron darbejiya ko turare a rami, a ɗauki hoto, a watse, awaki su ƙarasa sauran. Ba na raina dashe, musamman a jihohin da hamada ke matsowa. Sai dai kusan rabin nauyin busasshen itace sinadarin kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska, don haka tsohuwar bishiya rumbu ce da aka yi shekaru masu yawa ana cikawa. Ranar da aka kayar da ita, rassan da aka bari su ruɓe ko gobarar daji ta cinye su, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta tsiraita, abin da aka tara ya koma sama. Tsiron da aka dasa jiya zai yi shekaru da dama kafin ya biya wannan bashi, in ma ya rayu, kuma ba zai ba saniya ganyen madobiya ba.

Ga kuma batun ruwa. Gandun Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Najeriya, da tsaunukansa har da Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, daga nan ne kogin Taraba da rafuka da yawa ke samun ruwan da suke kai wa Binuwai. Daji ne ke riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa a hankali. Idan aka aske gangaren dutse, ruwa ya sauko lokaci ɗaya da laka, manomin fadama ya sha ambaliya a damina, ya sha ƙishi a bazara.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, hani kaɗai ba ya tsare daji. Jihar Kuros Riba ta taɓa haramta sare itace a dazukanta a 2008 da fatan samun kuɗin shirin REDD+, wanda ake biyan ƙasa don ta bar dajinta a tsaye, amma sarar ɓoye ba ta tsaya ba, mutanen ƙauyukan kuma suka yi ta kukan an hana su dajin kakanninsu ba su ga komai a hannu ba. Ni kaina ina da ɗan'uwa da ya sayar da madobiya uku na gefen gonarsa shekarar da matarsa ta kwanta rashin lafiya. Na yi masa faɗa, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko ni zan biya kuɗin maganin. Ban sami amsa ba a ranar. Abin da aka ba shi bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da dillali ya ci, amma shi ne kuɗin da ke gabansa.

Wannan ne ya sa na juyo gare ka. Ku a Maraɗi da Damagaram kun mayar da gawo da sauran itatuwa cikin gonaki ta hanyar sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa tun shekarun 1980, ba da tsiron reno ba, sai da kula da tohon tsofaffin kututture, har ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da aka farfaɗo. Yadda na fahimta, abin ya kankama ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Na lura wasu kututturen madobiyar da na gani sun fara toho, kuma da za a kare su daga wuta da gatari, da akwai fata. Ina roƙonka ka rubuto mini yadda kwamitocin ƙauyuka irin na Ɗan Saga suke aiki: wa ke sintiri, wa ke yanke tara, ina kuɗin ke zuwa, kuma yaya suke shigar da makiyaya da mata cikin shawara. Ina so in kai wa mai garinmu bayanin kafin ruwa ya sauka.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, ka kuma isar da gaisuwata ga Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Mutanen gidana duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini.