Wasiƙa zuwa ga aminina a kan ɗakin kajin Hajiya

Unguwar Dosa, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal, yaya aiki? Mu nan ruwa ya fara ja da baya, sabuwar masara ta cika bakin titi. Maman yara tana gaida mutuniyarta, ta ce a shafa mata kan yara.

Saƙonka ya iso. Ranar Juma'a da aka sauko masallaci na biya Tudun Wada na gaida Hajiya, na same ta lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Da kanta ta kai ni bayan ɗakin girki, inda tsohon akurkin ƙasa ya zube, na auna wurin. Zai yi, har da saura. Amma ina roƙonka abu ɗaya: kuɗin da ka ce a sayo kaji da su, a ajiye tukuna. Kada kaza ko ɗaya ta shigo gidan sai an gama ɗakinta, daɓe ya bushe, ƙofa ta zauna daidai. Na san so kake Hajiya ta sami abin da zai ɗebe mata kewa da wuri, ni ma haka nake so. Sai dai ni kaji na fara saya kafin in yi musu wuri, kuma har yau abin yana raina.

Shekara uku ke nan. 'Yan tsaki ashirin na kawo gida, na sa aka haɗa mini keji cikin yini ɗaya, da waya mai manyan idanu, ƙasansa kuma turɓaya. Da sanyi ya shigo na naɗe shi da leda ruf, don kada iska ta taɓa su. Wata safiya ƙaramar 'yata ta tafi kai musu ruwa, sai ta dawo da kwanon a hannu bai ragu ba, ba ta ce komai ba, ta kama bakin rigata tana ja. Shida muka tarar a mace, an gutsire wasu, ga sabon rami a kusurwa da tarin ƙasa a bakinsa. Gafiya ce ta haƙo ta ƙasa. Waɗanda suka rage kuwa ledar ce ta cuce su. Idan na sunkuya na leƙa, warin kashinsu har hawaye yake sa ni, to ina ga su da suke kwana a ciki? Suka kama mura, idanunsu suka yi ta ruwa. Tara kawai suka girma. Yarinyar nan ta yi mako ba ta zaga bayan gida ba.

Daga nan na rushe na sake, kuma irin na biyun nake so mu yi wa Hajiya.

Kaji goma sha biyar sun ishe ta. Ɗaki mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 6 zai ba kowace wurin sakewa ba tare da suna tsattsagar juna ba. Tsayinsa ƙafa 7 ta gaba, 6 ta baya, don ruwa ya gangara, kuma don Hajiya ta shiga a miƙe. Da gwiwar nan tata, ɗakin da sai an durƙusa ake share shi ba zai riƙa samun shara ba.

Inda zai fuskanta shi ne abin da na fi daɗewa ina tunani a kai, ina tsaye a filin. Ka san hadarin Kaduna daga gabas yake tasowa da iskarsa, rana kuma idan ta karkata yamma a watan Maris da Afrilu ba ta da sauƙi. Saboda haka tsawon ɗakin zai miƙe daga gabas zuwa yamma, a toshe waɗannan ɓangarori biyu da bulo har sama. Kudu da arewa kuwa bulo layi uku kawai, daga nan waya har rufi, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Mutane suna tsoron sanyi, alhali babbar kaza zafi ya fi yi mata illa. Ba ta gumi. In ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, to ta matsu, kuma ƙwai zai ragu a makon. Bakin kwano ya zarce bango da ƙafa biyu saboda feshin ruwan Agusta, a shimfiɗa zana a kansa lokacin bazara. Allah ya taimake mu darbejiyar maƙwabta tana jefo inuwa daidai wurin da la'asar. Idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai a ɗinke buhunan abinci a yi labule ta arewa, a sauke da magariba a naɗe da hantsi. Ko a daren da ya fi sanyi a bar tazara ta sama.

Ƙasa kuwa daɓen siminti za a yi, a ɗaga shi sama da tsakar gida kamar tsayin bulo ɗaya. Nan ne ba na so a yi tsimi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ɗakin kaji masu neman tsagar suna da yawa: ɓera, gafiya, muzuru, maciji mai bin ƙwai. Waya ma ba kowace ba. Mai ƙananan idanu nake nufi, ta rabin inci, wadda ƙaramin yatsanka ba zai wuce ba. Ta fi tsada, amma sau ɗaya ake saye.

Na shiga kasuwar Panteka na zaga, kunnena har ya gaji da ƙarar guduma. Akwai zaɓi biyu. Ko dai kafinta ya yi mana da katako, a shafe shi da baƙin mai saboda gara, kuma kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ko kuma mai walda ya haɗa da ƙarfe. Ni ƙarfe na fi so. Gidan Hajiya akwai gara, kai ma ka ga yadda ta cinye ƙyauren ɗakin ajiya. A can ma na ga mazubin abinci da na ruwa da suke ƙerawa, masu kyau, na ratayewa. Idan aka rataye su daidai tsayin bayan kaza, ba ta tona abinci ta watsar, ba ta kuma taka ruwan.

Cikin ɗakin ba wuya. A zuba buntun shinkafa ko dusar katako mai kauri kamar yatsu huɗu, a riƙa juya shi, inda ya jiƙe a kwashe. A gitta sanduna biyu daidai gwiwa don kwana. Akwatunan ƙwai huɗu a kusurwar da ta fi duhu, kuma zan sa a yi musu murfi ta waje, yadda Hajiya za ta ɗaga ta ɗebi ƙwai tana tsaye a tsakar gida. A gefe a ajiye tsohuwar roba da toka da yashi, su yi birgima, shi ke rage musu ƙuma. Idan aka kwashe shimfiɗar kada a zubar, taki ne mai ƙarfi, masu lambu a bakin kogi nemansa suke yi.

Maganar irin kajin, Hajiya ta ce ita dai tana son ganin kaza da 'ya'yanta a baya. Wannan sai kajin Hausa, su ne masu kwanci kwana 21 su ƙyanƙyashe. Kajin gidan gona ba su cika kwanci ba, amma sun fi ƙwai nesa ba kusa ba. Akwai Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi (NAPRI) ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a Shika kusa da Zariya, an yi ta ne don yanayinmu, kuma wajen wata biyar take fara ƙwai. Shawarata a fara da waɗanda suka kusa fara ƙwai, kada a ɗora wa tsohuwa renon 'yan tsaki. In an kwana biyu sai a yi wa kajin Hausa nasu ƙaramin wuri daban. Ka kuma sa abinci a lissafinka na wata: buhu mai kilo 25 kamar mako biyu yake yi wa kaji goma sha biyar. Zan nemo durom mai murfi a riƙa zuba shi.

Saura ciwo. Da hunturu ne cutar Niyukasil ke share kajin unguwa, ka ga kaza tana koren kashi, wuya ya murɗe. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin maganin rigakafin, akwai wanda a ruwan sha ake ba su, amma dole a riƙe shi cikin sanyi har lokacin bayarwa. Wannan ka bar mini, ni zan riƙa kawo likitan dabbobi. Ka tuna Fabrairun 2006, da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, nan jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, yadda mutane suka ƙaurace wa naman kaza a garin nan? Tun daga lokacin na san amfanin raba kaji da tsuntsayen waje. Abin da zai yi mana wuya shi ne kyauta. 'Yan uwa za su zo daga ƙauye da zakara a hannu, Hajiya kuma ba za ta ƙi karɓa ba. Kai za ka lallaɓa ta a waya: duk baƙuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran. Daga bakinka za ta fi ji.

Birkila zai zo ranar Asabar ya ga wurin. Ina so a zuba daɓe kafin ƙarshen wata, ya sami lokacin bushewa tun sanyi bai shigo ba. Abin da nake jira daga gare ka kawai shi ne ƙarfe ko katako. Da an fara aiki zan riƙa turo maka hotuna.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri, ya sada mu cikin aminci.

Naka,
Amininka na Kaduna