Sanarwa kan nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Asabar

Ƴan'uwa cikin Almasihu na Garwa, salama a gare ku. Ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma za mu haɗu a majami'a domin nazari kan matsayin hankali da fahimta wajen girman bangaskiya. Ina roƙon kowa ya karanta Ayyukan Manzanni 17:11, inda aka yabi mutanen Biriya saboda kullum suna binciken Nassosi domin su tabbatar da koyarwar Bulus, sa'an nan Ibraniyawa 5:12-14 a kan madara da abinci mai tauri. Yana damuna ƙwarai yadda matasanmu suke tsoron yin tambaya, suna ɗaukarta rashin bangaskiya. Iyaye, ku zo tare da su, kowa da tambayarsa a rubuce, da Hausa, Fulatanci ko Faransanci.