Zuwa ga Hajiyar da ta tambaya ko da gangan ake ƙera kaya marasa ƙarko

Assalamu alaikum Hajiya.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya a matsayina na mai gyaran waya, kin bugo kin ce keken ɗinkin mahaifiyarki har yau yana aiki, amma wayarki ba ta kai shekara uku. Kika tambaya: da gangan ne, ko mu ne ba mu iya riƙo ba? Lokaci ya ƙure ban amsa ba.

Akwai ganganci, kuma ba yau aka fara ba. A ƙarshen 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗa baki a Geneva cewa kada ƙwan fitila ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali a da yana kai 1,500 ko fiye. Kamfanin da ƙwansa ya daɗe, tara ake cin sa. Kin ji fa, tara don kaya ya yi kyau! A 2017 kuma Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone, wai don kada su riƙa mutuwa saboda gajiyar batir. Bai gaya wa masu wayar ba, Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020.

Ni dai abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne hana gyara. Batir ai dole ya gaji. A da, da farce za ki ɓalle murfi ki sa sabo. Yanzu sai na hura wa bayan waya iska mai zafi, na bi gefe da siririyar roba ina ɓamɓare gam, ina addu'ar kada gilashi ya tsage. Jiya ma wani yaro ya ji kuɗin aikin, ya mayar da wayarsa aljihu ya ce gara ya tara ya sayi sabuwa. Batir kaɗai ne matsalarta.

Mu masu amfani da waya ma da namu laifin, ba na musu: caja mai arha ta kashe wayoyi da yawa.

A 2021 Faransa ta wajabta manna wa waya da injin wanki makin sauƙin gyara, bisa 10. Mu a nan ba mu da irin wannan takarda. Don haka kafin ki sayi wata, ki fara biyowa ta wurin mai gyara, ki tambaye shi ko ana samun batirinta da gilashinta a kasuwa, da nawa.

Na gaishe ki, a gaida gida.

Mai gyaran waya, Kano