Zuwa ga ƙanena mai jitar wuta a jaka, akustik a cinya

Salam ƙanena,

Tambayar nan da ka jefo min rannan a gaban jama'a na ce maka zan amsa, to gashi na samu zama. Tunda a fili ka yi ta bari in amsa a fili, don nasan ba kai kaɗai bane a cikin wannan halin. Abinda ka ce a taƙaice shi ne shekara huɗu kenan kana kaɗa akustik, wato jita mai akwatin katako da ba sai an jona ta da wuta ba, kuma kana jin daɗinta, sai abokanka suka haɗa ƙungiya suna neman mai jitar wuta, ka ce zaka iya, ka je ka sayo, yanzu wata uku tana jingine a cikin jaka, duk ka miƙa hannu zaka ɗauka sai hannun ya zarce kan akustik ɗin, wai ya zaka yi ka samu ƙarfin gwiwar ci gaba da ita.

Da farko dai ka daina kiran kanka malalaci, mutumin da kullum sai ya taɓa jita har yatsunsa sun yi kanta ai ba a kiransa malalaci. Ni abinda nake zargi daban ne, inaga kana kaɗa ta wutar ne da hannun akustik, ita kuma tana rama maka da sauti mara daɗi, kai kuma sai ka yanke hukunci cewa baka sonta alhali baka ma ji ainihin muryarta ba tukun.

Nima haka ta faru dani shi yasa nake faɗa da ƙarfina. Ranar da na fara riƙe ta wuta a cikin mutane, wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, na murɗa makunnin gen, wato wanda ke ƙara wa sautin ƙarfi da kaushi, har ƙarshe don na ɗauka haka ake yi, na kama kod ɗin G irin wanda na saba (kod shi ne sautuka da yawa da ake kaɗawa tare), tsirkiya shida gaba ɗaya, na zabga mata duka da dukkan ƙarfin damtsena yadda nake wa akustik. Abinda ya fito daga sifika kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Mai ganga ya tsaya cak yana kallona da sanda a sama. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya taso bai ce min komai ba ya rage gen ɗin ya dawo da shi kusan ƙasa, ya kama wuyan hannuna na dama ya ɗan girgiza shi alamar in saki jiki, sannan ya ce in taɓa tsirkiya uku kawai. Na taɓa. Sai naji abu ya fito tas, mai tsawo, yana lilo a iska, ni da kaina sai da na kalli jitar kamar an canja min ita.

Kaga abin da ke faruwa shi ne, a akustik hannunka ne makunnin ƙara. Ka daka da ƙarfi katakon gaba ya girgiza, iskar cikin akwatin ta amsa, kaji shi har a ƙirjinka da haƙarƙarinka, kuma nasan wannan jin a ƙirji yana cikin abinda ya ɗaure ka da ita. Ta wuta ba haka take ba, yawanci gungumen katako ne ba rami a ciki, abinda ke ɗaukar sautin shi ne fikof, wato maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, tsirkiyar ƙarfe tana rawa a samansa sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ya ɗauka ya girmama ta. Shi yasa ma in ka ɗaura mata tsirkiyar nailan ba abinda fikof ɗin zai ji. Ma'ana rabin kayan kiɗan ne a cinyarka, ɗaya rabin yana can jikin bango. Duk wanda yake atisaye da ta wuta ba tare da ya jona ta ba don gudun wahalar waya, to rabin jita yake kaɗawa, kuma don yaji kansa dole ya dinga dukanta da ƙarfi, ranar da ya jona sai komai ya fito a hargitse. Ina kyautata zaton kana yin haka, kusan duk wanda ya taso daga akustik yana yi.

Sai maganar tsirkiya, wannan kam tana yaudarar mutane sosai. Akustik yawanci lamba 12 ake ɗaura mata ko 13, ta wuta kuma 9 ko 10, lambar nan kaurin siririyar tsirkiyar ne in an raba inci ɗaya gida dubu. Yatsunka sun saba matse mai kauri, to da ka matse siririya da wannan ƙarfin sai ka tura ta ƙasa tsakanin firet da firet, wato ƙarafan nan da ke jere a wuyan jitar, ta ƙara ɗamewa, sautin ya ɗan hau sama da inda ya kamata. Sai kaga ka duba tuna, wato na'urar duba saitin tsirkiya, ta ce maka komai daidai, ka kama kod kaji shi a karkace, ka sake saiti, ka sake kamawa, still a karkace, daga nan sai ka fara zagin jitar ko wanda ya sayar maka. Gwada wannan yau ɗin nan, ɗora yatsa a kan firet na biyar ba tare da ka danna ba, ka dinga kaɗawa kana ƙara nauyi a hankali a hankali har sautin ya fito tas, ka tsaya a nan. Zakayi mamakin ƙanƙantar ƙarfin da take buƙata. In kuma laushin ya dame ka ƙwarai ka ɗaura lamba 11, ba laifi bane, masu kiɗan jaz da yawa har 12 suke sawa, sai dai ka bari wanda ya iya ya duba maka wuyan jitar bayan ka canja don ƙarin ɗamewar na iya ɗan lanƙwasa shi.

Akwai ɗan tarihi da ya taimake ni na fahimci me ma aka yi ta don shi. A Amurka lokacin manyan ƙungiyoyin masu busa, mai jita yana can baya yana ta kaɗawa ba mai jinsa, ƙahonni da ganguna sun danne shi. A 1932 aka fara sayar da wata jitar wuta ta kamfanin Rickenbacker mai jikin alminiyam da mutane suka laƙaba wa suna kaskon suya saboda siffarta, a 1936 kamfanin Gibson suka fito da tasu mai suna ES-150, sai wani matashi Charlie Christian ya ɗauke ta ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya dinga jera sauti ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa sakzafon, jita ta dawo gaba tana magana. Yana da shekara 25 ya rasu a 1942 amma ya riga ya canja yadda ake kallon abin. Shahararrun jitocin wuta irin su Telecaster da Les Paul da Stratocaster duk daga baya suka zo, tsakanin 1950 da 1954. Abinda nake so ka ɗauka a nan shi ne tun asali an yi ta ne don ta yi waƙa da murya ɗaya mai tsawo a tsakiyar sauran kayan kiɗa, akustik kuwa ita kaɗai ta ishi kanta, ita ce ganga ita ce bes, wato jita mai kaurin murya, ita ce amshi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake, in ka tilasta wa ta wuta ta yi kukan akustik kullum akustik ce zata ci gasar.

To me zakayi a aikace. Fiddo ta daga jakar nan tukunna. Akustik tana cin nasara a kanka ne saboda sakan biyu ka ɗauka ka fara, ita kuwa sai ka zuge zif, ka nemo waya, ka warware ta, ka jona, ka kunna, ka murɗa wannan ka murɗa wancan, kafin ka gama sha'awar ta gudu. Samo mata abin jingina kusa da inda kake zama, amfilifaya a gefenta an riga an saita, waya a rataye, ya zama maɓalli ɗaya kawai zaka danna. In dare ne ko kana gudun damun mutane sa hedifon, amma don Allah kar ka ƙure ƙara, kunne in ya tafi baya dawowa. Kuma ban ce ka ɓoye akustik ɗinka ko ka bada ita aro ba kamar yadda wasu ke bada shawara, wannan horo ne kuma ƙiyayya kawai zai ƙara maka. Abinda na yi ni shi ne minti goma na farko na ta wuta ne, in sun cika na ajiye na ɗauki masoyiyata ba tare da jin laifi ba. Kwanaki da yawa minti goman ne kawai, amma wata rana sai in ɗaga kai inga awa ta wuce.

A cikin minti goman nan kar ka maimaita waƙoƙin da kake yi a akustik. Kashe distoshan, wato abin da ke sa sautin ya yi kaushi, gaba ɗaya, mayar da suwic ɗin kan fikof na kusa da wuya don shi ne mai sauti mai ɗumi da kauri, na kusa da gada, wato inda tsirkiyoyin suke kafe a jikin jitar, shi ne mai kaifi da zai iya sa kaji kamar ana tsokane maka kunne, ƙara ɗan ribab kaɗan, wato amsa-kuwwa, don sautin ya samu fili. In fik, wato ɗan roban da ake kaɗa tsirkiya da shi, yana baka haushi ajiye shi, ba wanda ya wajabta. Shahararren mai jitar wuta Mark Knopfler da yatsu zalla yake kaɗa tasa, Mdou Moctar na Nijar ma haka, shi da ma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa da wayar keke, kuma bahago ne, ka saurari yadda yatsansa ke yawo a kan tsirkiya zaka ga duk abinda ka koya a akustik ba asara bane.

Sannan ka koyi jan tsirkiya, don ni nan ne ta kama ni. Tsirkiya ta uku a akustik yawanci nannaɗaɗɗiya ce mai tauri, a ta wuta kuwa santala ce, tana bin yatsa. Kama ta a firet na tara ka kaɗa ka riƙe sautin a kunnenka, sai ka dawo firet na bakwai da yatsan zobe, na tsakiya da manuni suna bayansa suna taya shi, ka kaɗa ka tura tsirkiyar sama har ta kai wancan sautin na tara. Da farko zaka tsaya a ƙasa da shi, abin ya fito kamar kyanwa an taka mata wutsiya, ko ka zarce. Kar ka damu. Ranar da ka dace ka kai shi daidai ka riƙe, ka ɗan karkaɗa wuyan hannu sautin ya fara rawa, yana nan bai mutu ba sakan huɗu biyar shida, zakaji kamar mutum ne ke kuka a cikin sifikar, kuma wannan abu ne da akustik bazata taɓa baka shi haka ba komai tsadarta. Ni sati biyu na yi ba abinda nake yi sai wannan sauti ɗayan, mutanen gida har sun gaji dani.

Abu mai ban haushi da dole ka haƙura da shi shi ne kashe tsirkiyoyin da baka kaɗawa. Amfilifaya bashi da kara, duk abinda ya motsa sai ya faɗa wa duniya, don haka gefen tafin hannun dama yana kwance a kan masu kauri, yatsun hagu suna shafar sirara. Yana ɗaukar lokaci, ba wata dabara.

Wata hanya kuma da zata sa su biyun su daina kishi da juna, ɗauki wayarka ka naɗi kanka kana kaɗa kod uku ko huɗu a akustik na minti uku, sai ka kunna ka bi da ta wuta a kai, sauti ɗaya ɗaya, kana barin fili. Nan zaka gane aikinka a ƙungiya ma, don in akwai mai bes da mai ganga sun riga sun ɗauke maka rabin abinda hannunka ya saba yi, kai naka ɗan kaɗan ne, tsirkiya biyu ko uku can saman wuya, wani lokacin ma shiru. Mu 'yan akustik shirun nan ne yake mana wuya, mun saba cike ko'ina.

Af, kar ka fara sayen fedal, wato ƙananan akwatunan canja sauti da ake takawa da ƙafa. Nasan zuciya zata ce maka ai da ka samu wancan ɗan akwatin mai fitila shikenan zaka so ta, ƙarya ne, ina da guda huɗu a durowa da suka shaida. Sabon kaya kwana uku yake yi yana burge ka.

In ka yi duk wannan tsakani da Allah na wata biyu ko uku kaji har yanzu zuciyarka bata karɓa ba, to ba dole, ka zauna da abokanka ka gaya musu gaskiya tun kafin su dogara da kai. Ana sa wa akustik fikof a jona ta a sifika ta shiga ƙungiya lafiya lau, sai dai ka kula da kukan da take yi in ka matsa kusa da sifika, akwai murfin roba da ake toshe ramin da shi yana rage wannan. Ni kaina da nake ta wannan surutun, shekaru nawa ina kaɗa ta wuta a gaban mutane, amma in dare ya yi kowa ya kwanta akustik ɗin nake jawowa, ban taɓa jin na ci amanar kowa ba.

Ka gwada abin firet na biyar ɗin nan yau, in mun haɗu ka zo min da jitar da wayarta in ga yadda aka saita tsayin tsirkiyoyin, don wani lokacin daga shago ake kawo ta a sama sosai. Ka gaida min mai gangar ku.

Naka,
yayanka a harkar