Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Legas

Unguwar Rogo,
Jos.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma baƙunta ta fara sakinku. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturun bana ya shigo da ƙarfinsa, da asuba sai an ɗora ruwan alwala a wuta, yara kuwa ba sa rabuwa da rigunan sanyi sai rana ta take.

Saƙonka ya same ni, na kuma ji daɗi da ka ce ka sayi sandar fatsa, kana neman in faɗa maka inda nake zuwa lokacin da nake zaune a Obalende. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, don ka ajiye ka riƙa dubawa.

Wurin da na koyi kamun kifin teku yanzu babu shi. Bar Beach ne, a Victoria Island. Tun wajen 1908 Turawa suka fara jera manyan duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanya. Yashin gaɓar nan kuwa daga yamma yake tafiya zuwa gabas, sai duwatsun suka tare shi, ya riƙa taruwa ta yamma, teku ta shiga cin Bar Beach har ruwa yana hawa titi. Daga baya aka cike wurin da yashi, aka yi masa katangar dutse, aka kafa Eko Atlantic. Inda nake tsayawa ina jifa, yau kwalta ce. Saboda haka ka nufi Tarkwa Bay. Ana shiga jirgin ruwa daga CMS ko Falomo, tafiyar ba ta da nisa, kuma kada ka yarda ka zauna a jirgin da ba a ba ka rigar kariya ba. Tun da aka tashi mazauna wurin a Janairun 2020 abubuwa sun sauya, don haka kafin ka hau duwatsun nan ka tambayi masu tsaron wurin ko an yarda.

Ka tuna kududdufan kuza na wajen Rayfield, inda muke zama da tana a gwangwani muna jiran karfasa? Ruwan can kwance yake, haƙuri kawai yake so. Teku kuwa lissafi take so. Sau 2 a yini ruwa yake kawowa, sau 2 yake janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A Legas tashin ruwan bai cika wuce mita 1 ba, amma wannan ɗan tashin shi ke kawo kifi bakin gaɓa neman abinci. Ni dai abin da na gani, awa 2 kafin ruwa ya gama cika da awa 1 bayan ya fara komawa, nan ne rabo yake. In wannan lokaci ya dace da bayan sallar Asuba ko gab da Magariba, to ka yi dace. Ka lura da wata kuma, abin da mu dama ba ma sakaci da shi: a tsayuwar wata da daren 14 ruwa ya fi cika, ya fi janyewa. Akwai jadawalin wannan a intanet, ka duba a wayarka kafin ka fito. Daga Nuwamba zuwa Maris teku ta fi kwanciya. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa fushi take yi, baƙo irinka ya haƙura.

Zuwanka na farko kada ma ka ɗauki sanda. Je ka lokacin da ruwa ya janye, ka tsaya a tudu ka yi kallo. Za ka ga inda igiyar ruwa ke fashewa da farin kumfa, wannan tudun yashi ne a ƙarƙashi. Tsakaninsa da gaɓa za ka ga wani zirin ruwa mai duhu, shiru, kamar kwari. Nan kifi ke bi yana kiwo. Yawancin sababbin shiga ƙarfinsu suke ƙararwa wajen wurga ƙugiya can nesa, su tsallake kifin da ke kusa da ƙafarsu.

Sandarka in ta kai mita 3 da rabi ta isa. Ka sa zaren lilo mai kauri, da dalma mai nauyin giram 100 zuwa 150, irin mai kusurwa wadda ke kama yashi, don mai mulmulallen jiki ruwa zai gangaro maka da ita. Ƙugiya 2 sun wadatar, kuma matsakaita. Tana ba ta aiki a ruwan gishiri. Ka sayi ɗanyen jatan lande a wurin matan da ke tarar kwale-kwale, ko ka yanka ƙaramin kifin teku da ake kira shawa sala-sala, ka ɗaure a jikin ƙugiya da siririn zare, in ba haka ba jifa ɗaya igiyar ruwa za ta wanke ta, ko ƙaguwa ta cinye. Da ka dawo gida ka wanke komai da ruwan famfo, gishiri ba ya raga wa ƙarfe.

Abin da za ka fi samu a kan yashi shi ne kuroka. Ranar da na fara kama shi ban manta ba. Na riƙe shi a hannu, jikinsa fari kamar azurfa, sai na ji yana wani gurnani a cikinsa kamar ana kaɗa ƙaramar ganga daga nesa, har tafin hannuna yana rawa. Daga baya na san cewa wata jakar iska ce a cikinsa yake girgizawa da tsoka. A gefen duwatsu kuma akan samu barakuda, mai haƙora kamar ƙusa, sai ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya don kada ya datse zaren. Tarwaɗar teku ma tana nan, amma ƙayarta da dafi, kada ka damƙe ta yadda muke damƙar ta gida. In kuwa ka jawo talibambam, wanda ke kumbura kamar ƙwallo, mayar da shi ruwa, guba ce a jikinsa.

Don Allah, aminina, ka ji wannan da kyau, domin na san ka da ƙarfin hali. Kada ruwa ya wuce gwiwarka, kuma kada ka taɓa ba teku baya. Akwai wata hanyar ruwa da ke komawa ciki da gudu, daga sama sai ka ga wurin ya fi ko'ina lafawa, alhali nan ne yake jan mutum. Iyon da muka koya a Lamingo ba zai yi maka amfani a nan ba. Duwatsun kuma gansakuka ce a kansu, santsi kamar sabulu. Kada ka je kai kaɗai, kada ka kai dare.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban amsa maka ba. Duk wannan shawarar daga tekun da na sani a da na ɗebo ta, kuma ba ita za ka tarar ba. A wancan lokaci in na fita da asuba, kafin hantsi na haɗa kuroka 6 ko 7 masu tsawon kamu ɗaya, mu ci, mu aika wa maƙwabta. Zuwana na ƙarshe, da na je bikin ɗiyar ƙanena a Agege, na saci kwana 2 na tafi wajen Badagry. Na yi jifa har kafaɗata ta yi tsami, kifi 2 na samu, su ma ba su kai tafin hannu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba nawa ba ne. A ranar na ga masunta 'yan ƙabilar Egun suna jan taru daga gaɓa, maza a jere layi 2, suna waƙa suna ja da baya, tun safe har rana ta yi tsaka. Na sa hannu na taya su. Da jakar tarun ta fito, mata suka matso da robobinsu, sai kowa ya yi shiru. Ledar fiyawata ce, da robobin lemo, da silifa ƙafa ɗaya, da farin soson zuba abinci irin wanda gwamnatin Legas ta hana a farkon 2024. A tsakaninsu ga 'yan kifaye kamar yatsa suna tsalle, dukansu ba su cika daro ɗaya ba. Wani dattijo ya tsuguna yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Da na gaishe shi da aiki, hannu kawai ya ɗaga ya nuna mini can cikin teku.

Na gane abin da yake nufi. Dokar kamun kifin teku ta ƙasar nan, ta 1992, da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta, sun hana manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan ruwa shigowa cikin mil 5 na teku daga gaɓa, wato kusan kilomita 9. An bar wa masu kwale-kwale wannan fili ne saboda nan ƙananan kifaye ke girma. Amma da dare ya yi na ga fitilunsu da idona, kusa ƙwarai. Jatan lande suke nema don fitarwa waje, sai dai komarsu ba ta zaɓe, tana kwashe ɗan kurokan da bai kai ga yin ƙwai ba. Gaɓar Nijeriya kilomita 853 ce, tsare ta sai da gaske, na yarda, amma dokar da ba a tsare ba ai mai ƙaramin ƙarfi kaɗai take kamawa.

Ba jiragen kaɗai ba ne. Kifin teku da yawa a cikin tafkin Legas da rassansa yake yarinta, a gindin itatuwan nan masu saiwa a ruwa. Ana sare su, ana haƙar yashi dare da rana, ana cike fadama ana gini. Su kansu masuntan, da kifi ya ragu, wasu sun koma koma mai ƙananan ido. Ba na zarginsu yadda nake zargin mai jirgi, mai iyali ba ya komawa gida hannu rabbana, amma ɓarnar ɗaya ce. Can yamma kuma, a Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antu na niƙe shawa da danginta su zama garin abincin dabbobi da kifin kiwo na ƙasashen waje. Gana ta kai ga rufe tekunta ga manyan jirage a Yuli da Agusta don kifi ya samu ya hayayyafa, kuma a ganina mu ma lokacin hakan ya yi. Jami'anmu da kansu suna cewa ƙasar nan na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabi ba. Jiya na tsaya wajen mai kifi a Farin Gada, taitus da kote da fanla ne a ƙanƙare cikin kwali, duk daga ƙetare.

Ban faɗa maka wannan don in kashe maka gwiwa ba. Ka je, tsayuwar asuba a bakin teku ma kaɗai ta isa a yi tafiya dominta. In ka dawo ba komai kada ka ɗauka rashin iyawarka ne. Roƙona guda: duk kifin da bai kai daga yatsanka zuwa wuyan hannu ba, jiƙa hannunka, zare ƙugiyar a hankali, ka sake shi. Guntun zaren da ya tsinke kuma ka sa a aljihu, yana shaƙe tsuntsaye da kunkurun ruwa. Ka nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, da yanayin ruwa, da abin da ka kama, ina so in gwada da abin da nake tunawa.

Akwai direban da zai taso da kayan gwari zuwa Mile 12 ranar Laraba. Na ba shi rabin buhun dankali da tsofaffin dalmomina guda 4 a ƙulle cikin tsumma, zan turo maka lambarsa. Ka gaishe da uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, liman ma ya tambaye ka ranar Juma'a.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Jos.